ESC na duron: wanne za ka saya kafin ka ƙona kuɗinka?

Duk lokacin furojet sai ɗalibai sun yi ta zuwa wajena daga Yelwa da Gwallameji a nan Bauchi da leda cike da kayan duron, kuma tambayar kusan ɗaya ce, wai yaya ESC mai am nawa zan saya. Ni kam lambar am ɗin nan, wato yawan wutar da ESC zai iya ɗauka, ita ce ta ƙarshe da nake dubawa. Abin da nake fara tambaya shi ne wace manhaja ce a cikin ESC ɗin, kuma in ya ƙone ranar Laraba ana gobe difens a ina za ka samu wani, don in kana tunanin za ka shiga Wunti ka ɗauko shi kamar cajar waya toh ka sake lissafi, oda ce daga Legas ko Abuja a sako maka a mota, ko AliExpress ka zauna jiran makonni.

Ga wanda bai sani ba, ESC shi ne ɗan fanel ɗin da ke tsakanin batir da moto. Batir yana ba da wuta ta waya biyu, shi kuma moton duron waya uku gare shi ba shi da buroshi, toh ESC ne ke ta kunna layukan nan uku yana kashewa bi da bi cikin tsananin sauri har moton ya juya daidai yadda ƙwaƙwalwar jirgin, wato FC, ta umarta. Moto huɗu, ESC huɗu.

Mu fara da siffa. Akwai ɗai-ɗai waɗanda ake ɗaure kowanne a hannun firam, akwai kuma huɗu-a-ɗaya, fanel guda da ake ɗorawa ƙarƙashin FC. Huɗu-a-ɗaya ya fi tsabtar aiki, wayoyi kaɗan, nauyi na tsakiya, shi ya sa kusan duk masu FPV, wato masu tuƙa duron suna kallo ta kyamarar jirgin, suka koma kansa. Amma fa in layi ɗaya ya ƙone gaba ɗaya fanel ɗin ya tashi aiki, sai dai ka samu mai gyaran waya mai hannu sosai ya canza maka mosfet ɗin, wato ɗan makunnin da ke kunna layin yana kashewa, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ɗai-ɗai kuwa wanda ya mutu shi kaɗai za ka cire, ga shi yana shan iskar farfela kai tsaye, abin da ba ƙarami ba ne a zafin Maris da Afrilu na garin nan da ake kai digiri 40. In babban firam ne irin F450 kuma kai ɗan koyo ne, wlh ka sayi ɗai-ɗai guda biyar, ɗaya sifiya. In mai farfela inci 5 ne na tsere ko wasa a iska, huɗu-a-ɗaya, amma ka duba ramukan noti, akwai 30.5x30.5 akwai 20x20, na sha ganin wanda kaya suka iso bayan wata guda sai ga shi ramuka ba su hau firam ba.

Toh yanzu manhaja, nan ne maganar take.

SimonK ita ce manhajar da ke cikin ESC ɗin nan masu 30A da ake haɗowa da moto 2212 da farfela 1045 a kunshin F450 mai araha. Tsohuwar manhaja ce, an daɗe da daina taɓa ta. Tana tashi da jirgi, ba wai ba ta yi ba, amma siginar PWM take ji, wato bugun wuta mai tsawon maikirosakan 1000 zuwa 2000, kuma dole ka yi mata daidaita totur da hannu: ka cire farfela, ka kai totur sama, ka jona batir, ka ji ƙara, ka sauke totur ƙasa, ka sake jin ƙara. In ba ka yi haka ba za ka ga moto uku sun tashi ɗaya na jan ƙafa, jirgi ya kife tun bai bar ƙasa ba, sannan ka fara zargin FC alhali ba ruwanta. Matsalar da ta fi damuna da su ita ce jabu sun yi yawa, na taɓa sayen guda huɗu wajen wani mai saida kaya a intanet, an rubuta 30A ɓaro-ɓaro a jiki, minti biyu da tashi ɗaya ya yi hayaƙi, da na yanke ledar jikin na ga abin da ke ciki ko kusa bai yi kama da mai ɗaukar wannan wutar ba. In kuɗinka iya nan ya tsaya kuma tsohuwar FC irin KK2 ko APM gare ka, toh ka yi maneji, amma kar ka ce ni na ce ka saya.

BLHeli_S shi ne na talaka mai hankali. Ɗan guntun 8-bit ne, yana jin DShot, kuma DShot siginar lamba ce ba ta buƙatar wannan daidaita totur ɗin kwata-kwata. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne Bluejay, manhaja kyauta da za ka yi masa filashin da ita ta ESC Configurator a cikin Chrome, kebul ɗin USB a jikin FC, batir a jone, shi ke nan ba sai ka warware waya ko ɗaya ba. Da Bluejay ESC ɗin zai riƙa mayar wa FC da bayanin saurin juyawar kowane moto, Betaflight kuma, wato manhajar FC, ta yi amfani da shi ta tace girgiza, moto ya rage zafi, jirgi ya yi santsi. Stak, wato FC da ESC a haɗe, irin SpeedyBee F405 V4 mai ESC 55A ai BLHeli_S ne a kansa kuma mutane da yawa da shi suka fara. Abu ɗaya dai, lokacin filashin akwai wata lamba irin su A-H-30 da manhajar za ta gano da kanta, kar ka ce za ka canza ta don gwaji, in ka sa wadda ba tasa ba mosfet zai iya ƙonewa nan take.

BLHeli_32 a da shi ne sarki, 32-bit, saiti iri-iri, kowa na yi da shi. Sai dai manhajar rufaffiya ce, kamfanoni lasisi suke biya, kuma a 2024 masu ita suka rufe harkar, babu sabuntawa kuma. Wanda yake da shi a jirgi ya ci gaba da tashi abinsa, yana aiki lafiya lau ana saita shi da BLHeliSuite32. Amma a ce yau ka ƙara kuɗi musamman don an rubuta BLHeli_32 a kwali, ni kam ban ga dalili ba. Wasu daga cikinsu ana iya mayar da su AM32, sai dai aikin na buƙatar ST-Link, wato 'yar na'urar rubuta manhaja a guntu, da hannu mai natsuwa wajen dalma, kuma in ka goge ba komawa.

AM32 shi ne ya gaje shi, 32-bit ne shi ma amma buɗaɗɗe, kowa na iya gani ya gyara, kuma sababbin ESC da yawa yanzu da shi suke fitowa. In kana da ɗan hali kuma kana so abin ya daɗe maka, nan za ka sa kuɗinka.

Sai am ɗin da kowa ke tambaya. Lambar da ke jikin huɗu-a-ɗaya ta kowane moto ce ba jimilla ba, kuma lamba biyu ake rubutawa, wadda zai jure a kai a kai da wadda zai jure na 'yan daƙiƙu, ta farkon za ka kalla. Ka nemo teburin gwajin motonka ka ga am nawa yake ja a cikakken totur da farfelar da za ka sa, ka ƙara kamar kashi 20 cikin ɗari a kai. Moto 2212 da 1045 a batir 3S, wato mai sel uku, bai cika wuce am 15 ba, don haka 20A ko 30A na gaske ya ishe shi. Na inci 5 kuwa 45A zuwa 55A ake sawa. A nan Bauchi ni ina ƙara sama kaɗan saboda zafi, ESC da zai yi sanyi a ƙasar da aka gwada shi a nan da rana tsaka tun kafin ka tashi ya ɗumama. Sannan ƙurar hunturu da jar ƙasar filin ƙwallo, maganaɗisun moto na tsince baƙin yashi, moto ya yi nauyin juyawa ya ja wuta fiye da ƙima, ESC ne ke biyan bashin.

Bolt ma ka duba. Kowane sel na LiPo 4.2 ne in ya cika, kenan 4S 16.8, 6S kuma 25.2. ESC da aka rubuta 2-4S ka jona masa 6S ko sallama ba zai yi maka ba. Kuma kafasitar nan da ke zuwa cikin kwali ba ado ba ce, ka manna ta a inda wayar batir mai fulogin XT60 ta shiga fanel, ƙafafu gajeru, mai 35V ko 50V in 6S ne, ka lura da ɓangaren da aka ja wa layi shi ne nagetib. Maganar BEC kuma, wato ɓangaren da ke rage wutar batir ya ba FC, tsofaffin ɗai-ɗai suna fitar da 5V ta jar waya, waɗanda aka rubuta OPTO ba sa fitarwa, yawancin huɗu-a-ɗaya ma haka, FC ce ke rage wutar da kanta. Mai FC irin Pixhawk shi ta fawa modul yake cin wuta, kuma in yana son DShot a tsohon Pixhawk layin AUX zai bi.

In kaya sun iso kar zumuɗi ya ɗebe ka. Ka gama dalma, ka sa mita tsakanin ja da baƙi ka tabbatar ba shot, karon farko ka jona ta smok stofa, wato ɗan abin da ke tare wuta in akwai shot, in kana da shi. Farfela a cire, na sake faɗa, a cire, yatsa ba ya da sifiya. A Betaflight ka zaɓi DShot300, ya ishi FC mai F405, ka kunna DShot mai kai da komowa, wanda ke mayar wa FC da saurin moto, in Bluejay ko AM32 gare ka, ka sa adadin maganaɗisun moto daidai, 14 ne a irin su 2207 da 2306, ƙananan na cikin ɗaki galibi 12, in kana shakka ka leƙa cikin moton ka ƙirga. Ka juya moto ɗaya bayan ɗaya ka ga lamba da alkibla sun dace da zanen. Wanda ya juya baya ka gyara a manhaja, in SimonK ne ka musanya kowane waya biyu cikin ukun.

Saitin PWM na cikin ESC, wato saurin kunnawa da kashewar mosfet, 24, 48 ko 96 kHz, a Bluejay tun wajen filashin kake zaɓa. 24 ya fi ƙarfin ja a ƙasa-ƙasa, 48 shi nake sawa a inci 5, 96 na 'yan ƙananan jirage ne don batir ya ɗan ƙara jimawa. Taimin da dimag, wato saitin lokacin da ESC ke tura wa layukan moto wuta, ka bar su yadda suka zo, sai in ka ga jirgi na tafiya lafiya kawai moto ɗaya ya shaƙe ya wuntsila, shi ma kafin ka taɓa saiti ka fara duba dalmarka da notin moto, don noti mai tsawo da ya taɓa kwayil ya fi kowane saiti kashe ESC a hannun 'yan koyo. In dalma da noti lafiya, sai ka ɗaga dimag mataki ɗaya ka gwada a fili, nesa da filin jirgin sama da barikin sojoji, ka sauka bayan minti ɗaya ka taɓa moto da ESC da bayan yatsa, in ba ka iya riƙewa ka koma saitin da.