Sharhi kan Universe Splitter, manhajar da ke cewa tana raba duniya gida biyu

Aikin wannan manhaja ta wayar hannu guda ɗaya ne tak. Mutum zai rubuta abubuwa biyu da ya rasa wanda zai zaɓa, ya danna maɓalli, sai wayar ta tuntuɓi wata na'ura a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. A can ake harba ƙwayar haske guda ɗaya zuwa ga wani madubi wanda ko dai ta ratsa shi ko ya dawo da ita, kuma yiwuwar kowanne rabi da rabi ce. Da na gwada, na rubuta "karatu" da "barci", bayan ɗan jira kaɗan allon ya sanar da ni cewa ina cikin duniyar da zan kwanta, wani ni kuwa yana can yana fama da littafi.

Tushen maganar shi ne ra'ayin da masanin fiziks Hugh Everett ya gabatar a 1957, lokacin yana ɗalibin John Wheeler a Jami'ar Princeton, ra'ayin da Bryce DeWitt ya yayata daga baya da sunan duniyoyi masu yawa. A fahimtar Everett, lissafin Schrödinger, wanda ke bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi irin na haske ke sauyawa, ba ya tsayawa don an yi awo, saboda haka sakamakon biyu duk suna aukuwa, kowanne da nasa mai kallon. Ta wannan fuska manhajar ta burge ni, domin jefa kwabo sama abu ne da ƙarfin yatsa da iska ke yanke hukuncinsa, alhali ita tana ɗaure shawarar mutum ne da wani abu na kwantum na haƙiƙa, wato halin ƙananan ƙwayoyin da ba a iya sanin sakamakonsa tun kafin ya auku.

Sai dai sunanta yana iya sa mai amfani ya ɗauka yatsansa ne ya tsaga duniya. Rabuwar, in har tana faruwa, tana farawa ne lokacin da ƙwayar hasken ta taɓa na'urar da ke gano ta, labarin ya bazu cikin wayoyin lantarki da iska da zafin ɗakin, har rassan biyu, wato duniyoyin biyu, su daina iya shafar juna. Wannan cuɗanya da kewaye ita ce Dieter Zeh ya fara bayyanawa a 1970, kuma tana gudana ba dare ba rana, ko an danna maɓalli ko ba a danna ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne madubin nan na rabi da rabi yana ɓoye tambaya mafi wuya. Da a ce kashi 90 cikin 100 na haske ne ke ratsa shi, rassan dai biyu ne, amma gwaji zai nuna sakamako ɗaya ya fi ɗayan yawa ninki tara, kamar yadda dokar Max Born ta 1926, wadda ke ƙididdige yiwuwar kowane sakamako, ta tanada. Yadda za a fitar da wannan rinjaye daga ra'ayin da ke cewa kome yana aukuwa, har yau masana na ja-in-ja a kansa.

Haka kuma manhajar ba hujja ba ce a kan ra'ayin Everett, tunda mabiya Niels Bohr, masu ganin sakamako ɗaya ne kawai ke aukuwa, su ma sakamakon da za su yi hasashe ke nan. Malamin da ke son ɗalibansa su ga yadda dannawa 20 ke haifar da rassa 1,048,576 zai ji daɗinta ƙwarai. Ni dai a daren nan na bi umarninta na kwanta, domin in na saɓa, ni da wancan ɗin duk karatu za mu yi, rassan biyu su tashi kusan iri ɗaya.