Alamar "an gama" ko ƙidayar zagaye?

Masu riƙe rajistar ƙungiyoyin manoma a Ringim suna yawan tambayata: umarni mai aiki da kansa a Airtable, manhajar ajiye bayanai a tebur, ya gyara layi, gyaran ya sake tayar da shi, abu ya ƙi ƙarewa. Wanne magani ya fi?

Gurbin "an gama" da umarnin zai duba kafin ya motsa ba ya cin ko sisi, haɗa shi nan da nan ne. Amma in manomi ya ƙaro buhun taki, sai an cire alamar da hannu. Aka manta, bashinsa ya tsaya a tsohon lissafi, kuma wannan na damuna ƙwarai.

Ƙidaya kuwa, ana ƙirga sau nawa umarnin ya tashi, zagaye ya kai uku ya tsaya. Tana son gwaninta, kuma in umarnin na tura saƙo, saƙon kan maimaitu kafin ta tare.

Mai shago ɗaya, alama ta ishe shi. Ƙungiya mai umarnai masu taɓa juna ta ɗauki ƙidaya.