Manhaja ko Rediyo: Wanne Ya Fi Kai Mutum Ga Sabuwar Waƙa?

Mai neman waƙar da kunnensa bai taɓa ji ba yana iya dogara da manhajar sauraro ko da mai gabatar da shirin kiɗa a rediyo, kuma hanyoyin biyu sun sha bamban wajen zaɓe.

Manhaja irin Spotify tana lura da waƙar da mutum ya saurara har ƙarshe da wadda ya tsallake tun farko, sannan ta duba sauran mutanen da saurarensu ya yi kama da nasa, ta kawo masa abin da suka so. Tun shekarar 2015 take haɗa wa kowane mai sauraro jerin waƙoƙi 30 duk ranar Litinin. Amfaninta a fili yake, domin tana aiki dare da rana. Abin da ke damuna shi ne, tunda daga abin da ka riga ka so take farawa, takan yi ta zagayawa da kai a wuri guda.

Mai gabatar da shiri kuwa mutum ne mai nasa ra'ayin, wanda zai iya sako waƙar da ba ta da alaƙa da abin da ka saba ji, ya kuma faɗi sunan makaɗin da yadda aka naɗi sautin. Lokacinsa taƙaitacce ne, kuma ba kullum zaɓinsa zai yi maka daɗi ba. Duk da haka, ga mawaƙin da ke neman salon da zai faɗaɗa masa fasaharsa, na fi karkata ga rediyo.