Hattara da mai tallan madubin hangen taurari: ni ya ci ni, kada ya ci ku

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, don ba kowa ke son ya fito fili ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Amma shekaranjiya wani abokin aikina da ke Jega ya turo min hoton tallan nan yana tambaya ko ya biya, sai na ga idan na ci gaba da shiru na zama abokin ɓarawo.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare a Argungu. Tun ina ƙarami, lokacin da zafin bazara ke fitar da mu kwana tsakar gida, kakata ke nuna min Kaza da 'Ya'yanta, kuma har yau sama ba ta fita raina ba. To a irin wannan hali na ci karo da tallan a Facebook. Hotuna ne masu ɗaukar ido, gajimaren ƙura da iskar gas da ake kira nebula, ja da shuɗi da ruwan zinare, an rubuta a ƙasa wai duk da wannan madubi aka ɗauke su. Yana girmama abu sau 675, in ji shi, ka ɗora wayarka kawai ka danna. Har da ƙarin cewa ya dace da duban jinjirin watan azumi. Mutumin ya san da wa yake magana.

Na bi lambar zuwa WhatsApp. Bakinsa kamar zuma, Malam kaza Malam kaza, ya turo min hotunan hirarsa da wasu da ya ce sun saya suna ta sa masa albarka. Muka tsaya a naira 160,000, zan ba da rabi, sauran idan kaya sun iso. Sunan da ke kan asusun bankin daban yake da sunan da ya faɗa min. Na tambaya, ya ce na matarsa ne. A nan ya kamata in tsaya, amma kwaɗayi ya riga ya rufe min ido. Bayan kwana huɗu ya kira wai kwastam sun riƙe kaya, sai an ba da 25,000. Bayan nan kuma direba ba zai ɗauka ba sai an cika kuɗin duka. Wanda ya riga ya shiga ruwa har wuya, me zai ji tsoron jiƙewa? Na cika.

Kaya kam sun iso tashar Birnin Kebbi, na je da kaina na karɓo. Tun daga ɗaga kwalin gabana ya faɗi, don bai kai nauyin kwano guda na shinkafa ba. Bututun roba ne, da ƙafafu uku na goran ruwa masu rawa ko tari ka yi kusa da su. Na ɗauko rula na auna gilashin gaba: milimita 50, alhali a talla ya ce 90. Na leƙa ciki da fitilar waya, sai ga wani zoben roba da ya toshe gefen gilashin, wato ko hamsin ɗin ma ba duka ke aiki ba.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na jira daren da babu wata, a farkon Nuwamba kafin hazon hunturu ya sauko, na kafa shi a filin ƙwallon makaranta. Na nemi Andromeda, tarin taurarin nan da haskensa ke tafiyar shekara kusan miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu. Da ido ƙuru-ƙuru ina hango shi can arewa kamar ɗan tabon toka. Na sa ido a madubin, sai duhu da wasu ɗige-ɗige masu tsalle. Baba maigadi, wanda ya daɗe yana kallona daga bakin ƙofa, ya matso ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Malam, wanga abu nawa kas saye shi?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Allah shi mai da alheri." Ya koma kan bencinsa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ni da ke koyar da darasin haske na san lissafin, na dai ƙi yin sa ne. Ƙarfin madubin hangen nesa a faɗin gilashinsa yake, don shi ke tara haske. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce ka ninka faɗin a milimita sau biyu, wannan ne iyakar girmamawa mai amfani. Gilashin milimita 50 iyakarsa sau 100. Duk inda ka ga 525 ko 675 a jikin kwalin ƙaramin madubi, ka san lambar an rubuta ta ne domin aljihunka.

Sannan launukan nan. Idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi sosai a cikin raunannen haske, shi ya sa ko da madubi na gaske ne, nebular Orion, wadda haskenta ke tafiyar shekara wajen 1,350 kafin ya iso gare mu, fari-fari mai toka-toka za ka gan ta. Launi daga kyamara yake fitowa, kuma ba da danna guda ba. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka taurari ba sa tsayawa maka. Dole madubin ya zauna kan ƙafa mai inji da ke bin su a hankali, wadda ake saita ta da tauraron arewa. A nan Kebbi ma tauraron bai wuce digiri 12 zuwa 13 sama da ƙasa ba, sau da yawa darbejiya ko hazo sun tare shi. Mai ɗaukar hoton zai ɗauki hotuna da yawa, kowanne na daƙiƙu talatin zuwa 'yan mintoci, har su taru su yi awoyi, sannan ya haɗe su a kwamfuta da manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker. Aikin dare da dare ne, da sauro, da sanyi. Wannan duka mutumin ya dunƙule shi ya ce "ka danna".

Wani tsohon ɗalibina ne ya ƙarasa tona asirin. Ya sa babban hoton tallan a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto, nan take ya fito: nebular Carina ce, cikin hotunan farko da hukumar NASA ta Amurka ta saki daga madubin James Webb a Yulin 2022, madubin da faɗinsa ya kai mita 6.5 kuma yake can sararin samaniya. Ya ce, "Malam, dubi taurarin." Kowane tauraro mai haske yana da manyan tsinke shida da ƙanana biyu, kuma wannan tambarin Webb ne, saboda madubansa masu kusurwa shida da sandunan da ke riƙe ƙaramin madubinsa. Na madubin Hubble, wanda shi ma yake sararin samaniya, tsinke huɗu suke yi. Madubi mai gilashi a gaba, irin wanda aka sayar min, ba ya fitar da tsinke ko ɗaya. Shaidar tana cikin hoton tun ranar farko.

Da na tura masa wannan, ya karanta, ya toshe ni. Na kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda, ina nan ina jira. Ni ma an ce na yi sa'a, don wani ɗan'uwa a Yauri ya rubuto min cewa shi ko kwalin bai gani ba. Yanzu shafin ya canza suna, amma hotunan da sau 675 ɗin suna nan yadda suke. Duk mai son saye, ya nemi a nuna masa kayan ta kiran bidiyo da rula a kan gilashin, kada ya tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa, kuma ya biya bayan ya riƙe abin a hannu. In kuwa kallon ne kawai burinka, madubin ido biyu mai lamba 10x50 da manhajar Stellarium mai nuna taswirar taurari a waya sun fi wannan bututu nesa ba kusa ba.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi kuɗin muhimmanci. A cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a wajen sa ido, wai na kallon rana. Wallahi kada kowa ya gwada. A daidai wurin ne madubin ke tattara zafin rana, gilashin na iya tsagewa farat ɗaya, kuma idon da ya ƙone a haka ba ya dawowa. Idan kun riga kun saya kuma akwai yara a gida, ku cire shi yau. Nawa na fasa shi da dutse na jefa a masai.