Na gwada horar da ƙwaƙwalwa kan ciwon faibromayaljiya

Gaskiya zaman da nake yi da likitar ƙwaƙwalwa ya taimake ni sosai. Masu faibromayaljiya sun san yadda abin yake, jiki duk ciwo ga gajiya ga barci ba daɗi, a yi gwajin jini a ce miki lafiya lau kike. Ita ta nuna min ciwon na gaske ne, ƙwaƙwalwa ce ke ƙara masa ƙarfi kamar rediyon da aka ƙure wa murya. Takan sa in zauna in lura da zafin kafaɗata ba tare da tsoro ba ina numfashi a hankali. Ciwon bai tafi duka ba fa, sai da haƙuri, kuma har yanzu ina shan maganina, amma wallahi na fara samun barci.