Sharhi: Yawon tarihin likitanci a Biyana, inda aka yi wa tunjere magani da maleriya

Na biya kuɗin wani kamfani da ke zagayawa da baƙi cikin tsohon babban asibitin Biyana, a ƙasar Ostiriya, kuma ban yi da-na-sani ba. Yawon na ƙafa ne. Mun fara daga Narrenturm, hasumiyar masu taɓin hankali da aka gina a 1784, amma abin da ya riƙe ni shi ne labarin Dokta Julius Wagner-Jauregg.

Jagorarmu ta san aikinta. Ta ce a wancan zamanin idan tunjere ya hau ƙwaƙwalwa, mutum kan zare, jiki ya shanye, cikin 'yan shekaru sai kabari. Likitan ya lura cewa wasu masu taɓin hankali kan samu sauƙi bayan zazzaɓi mai zafi. A 1917 sai ya ɗebi jinin wani soja mai maleriya ya sa wa majinyata 9, shida suka samu sauƙi. Akan bar mutum ya yi ta karkarwa, zazzaɓi ya zo ya tafi kamar sau goma, sannan a ba shi kwinin. Hikimar ke nan: maleriya tana da magani, tunjeren ƙwaƙwalwa kuwa a lokacin babu. Turawan da muke tare sai zare ido suke yi. Ni da na tashi ina shan fama da cizon sauro, jikina ne ya yi sanyi. A 1927 aka ba likitan kyautar Nobel, har fenisilin, maganin da ke warkar da tunjere, ta zo a shekarun 1940 ta rufe babin.

Abin da ya burge ni, ba ta yi masa kwalliya ba. Ta faɗi cewa wasu majinyatan zazzaɓin ne ya kashe su, kuma mutumin ya goyi bayan hana masu taɓin hankali haihuwa, har ya nemi shiga jam'iyyar Nazi.

Inda suka gaza shi ne sauri. Da na tambayi wa ke ba da izini a madadin wanda hankalinsa ya gushe, sai ta dubi agogo, ta amsa a gurguje. Gungun ma ya yi yawa, na baya ba sa ji sosai.

Ɗalibin likitanci ko ma'aikacin jinya da ya biyo ta Biyana, ya je. Ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya tsaya kusa da jagora, kuma kada ya kai ƙananan yara, don kayan da ke cikin hasumiyar na tayar da hankali.