Kuɗin shara a unguwarmu: aikin kamfanin ya gamsar, yadda ake yanka farashin ne bai gamsar ba

A 'yan shekarun nan an samu ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da ke bin gida-gida suna kwashe shara a sababbin unguwannin Kano, musamman waɗanda suka faɗaɗa ta ɓangaren Kumbotso da Ungogo da Nassarawa, inda gidaje ke ƙaruwa kullum amma wuraren zubar da shara ba sa ƙaruwa. Unguwarmu ta ɗauki ɗaya daga cikinsu bayan wani zama da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa, kuma an daɗe ana tare har mutum zai iya faɗin abin da ya gani a tsanake. Na rubuta wannan sharhi ne domin unguwannin da ke shirin ƙulla irin wannan yarjejeniya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda yabon da zan yi da ƙorafin da zan kawo duk sun shafi tsarin da yawancin irinsa suke bi ne.

Ya kamata a fara sanin wanda aikin ya rataya a wuyansa tun asali. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a cikin birnin Kano hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli ta gwamnatin jiha, wato REMASAB, aka fi sani da shi, kuma ƙarfinta ya fi tafiya ga manyan tituna da kasuwanni da manyan bololi. A 2021 gwamnatin jihar ta gwada miƙa aikin ga wani babban kamfani, a 2022 kuma aka soke yarjejeniyar. Abin da ke tsakanin ƙofar gida da babbar bola kuwa ya daɗe a hannun magidanci, wanda ko dai ya ba yaro mai baro ɗan wani abu ya tafi da sharar ba tare da ya san inda za a juye ta ba, ko ya cinna mata wuta da magariba hayaƙin leda ya cika lungu, ko a lallaɓa cikin dare a zuba a kangon wani ko a kwata. Wannan giɓin ne ƙananan kamfanonin suka shigo su cike, kuma a kan haka ya dace a auna su.

Ta fuskar aiki, kamfanin namu ya cancanci yabo, kuma ba yabon baka ba. Sau biyu a mako suke zuwa, da hantsi, kuma da wuya ranar ta kuskure. Suna ajiye babbar motarsu a bakin titi, sai a shiga lunguna da babur mai ƙafa uku da aka yi wa akwati a baya, domin tifa ba ta iya ratsa yawancin layukanmu. Ma'aikaci yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama ya ce a fito da shara, ba ya kutsa kai cikin gida, abin da matan aure suka yaba da shi tun farko. Idan ya juye durom, yakan buga gindinsa sau biyu don abin da ya liƙe ya faɗo, ya mayar da murfin, sannan ya sa tsintsiya ya tattare abin da ya zube a ƙasa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake barin ragowar tuwo da ɓawon albasa a ƙofar gida bayan an kwashe shara, ƙudaje su taru, zai san cewa wannan 'yar sharar da tsintsiya ba ƙaramin abu ba ce. A daminar da ta biyo bayan fara aikinsu, kwatar layinmu ta ɗauke ruwa ba tare da an tara matasa da shebur suna yasa duk bayan ruwan sama ba.

Akwai gyara a aikin ma. Ba a rufe bayan motar da tamfol, don haka ledoji sukan bi iska su koma inda aka kwaso su. Yawancin ma'aikatan da hannu tsirara suke aiki, alhali a cikin shara akwai fasasshiyar kwalba da reza da allurar da aka yi amfani da ita da famfas ɗin jarirai, kuma safar hannu da takalmin roba ba su fi ƙarfin kamfanin da ke karɓar kuɗi duk wata ba. Sannan a makon Babbar Sallah, lokacin da shara ke ninkuwa kuma take saurin wari, a daidai lokacin ne suke tafiya hutu.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuɗin. Kamfanin ƙofar gida yake ƙirgawa: kowace ƙofa kuɗi ɗaya, a kowane wata. A layinmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, tana zaune da 'ya'yanta biyu, sharar da take tarawa a mako ba ta cika bokiti. A jikin gidanta akwai gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da iyali da tukunyarsa, durom biyu suke cikawa har ya yi tozo. Gaba kaɗan akwai gidan da ake dafa abincin sayarwa, wanda sharar yini ɗaya tasa ta fi ta wancan gida na farko ta wata guda. Duk ukun rasit iri ɗaya ake ba su. Mai ga-ruwa da ke tura kura a wannan layin da jarka yake sayar da ruwansa, kuma ba a taɓa jin wanda ya sayi jarka biyu ya biya kuɗin wanda ya sayi goma ba. Ban ga dalilin da zai sa a yarda da wannan adalci wajen shigo da ruwa a ƙi shi wajen fitar da shara ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne mai ƙaramin ƙarfi yana biya wa mai yawan shara wani kaso na kuɗinsa, kuma shi ne na farko da ke gajiya ya janye.

Janyewar nan kuwa ita ce ke lalata tsarin gaba ɗaya. Motar da za ta shigo layi don gida talatin, man da za ta sha kusan ɗaya ne da wanda za ta sha don gida goma sha biyar. Duk gidan da ya fita, nauyinsa kan waɗanda suka rage yake komawa, sai kamfani ya ƙara kuɗi, ƙarin kuma ya kori wasu, sharar waɗanda suka fita ta koma kwata, kwatar da ke wucewa ta ƙofar wanda ya biya da wanda bai biya ba. Sauro da amai da gudawa ba sa tambayar rasit. Saboda haka farashin shara ba ciniki ne tsakanin kamfani da gida ɗaya ba, al'amari ne na unguwa baki ɗaya, kuma farashin da ya kori talakan unguwa ya yi wa mai kuɗinta ma illa.

Hanyar da aka bi wajen ƙarin kuɗi ita ma ba ta yi mini daɗi ba. Ba a kira taro ba, ba a aiko da takarda ba. Mai karɓar kuɗi ne kawai ya zo ƙarshen wata da sabon adadi a rubuce a rasit, ya ce mai ya yi tsada. Ba na musun cewa kashe kuɗin kamfanin ya ƙaru. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga kuɗin taya da batir da kayan gyaran mota, kuma a Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, wanda dole ya taɓa abin da lebura zai yarda ya karɓa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai faɗin cewa mai ya yi tsada ba lissafi ba ne. Baburan da ke shiga lungu ne ke shan fetur. Babbar motar dizal take sha, shi kuwa dizal an daɗe ba a biyan tallafi a kansa, kuma tsadarsa ta riga ta fetur tun 2022. Magidancin da aka ce ya ƙara kuɗi yana da haƙƙin ya san kaso nawa ne na mai, nawa ne na albashi, nawa ne na gyaran mota, nawa ake biya a wurin juye shara, kuma gida nawa ne ke biya a unguwar. Da wani dattijo ya tayar da maganar a gaban mai unguwa, ya ce ranka ya daɗe a sa su kawo lissafi a rubuce, wakilin kamfanin ya amsa cikin ladabi cewa zai isar da saƙo ga maigidansa, kuma har yanzu takardar ba ta iso ba.

Akwai kuma wata kafar kuɗi da ba a taɓa sa ta a lissafi ba. Duk wanda ya tsaya ya kalli motar zai ga buhuna a rataye a gefenta: ɗaya na gorunan ruwa da na lemo, ɗaya na gwangwanayen alminiyam, ɗaya na fasassun robobi da tsofaffin silifa, ga kwalaye an ninke an ɗaure daban. Ma'aikatan suna tsince su tun a kan hanya, a kai wa dillalan 'yan jari-bola a ɗora a sikeli a biya da kilo, daga can kuma su wuce masana'antun da ke niƙa roba su sake sarrafa ta. Ban ga laifin wannan ba, hasali ma abin so ne, kuma idan kuɗin aljihun ma'aikatan yake shiga sun cancanta. Abin da na rasa gane shi ne dalilin da ya sa gidan da ya ware robarsa da gwangwaninsa a buhu mai tsabta, ya hutar da su tonon ƙazanta, ba ya samun ragin ko sisi. Haka nan toka da kashin awaki da ragowar abinci: manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗaukar takin birni zuwa gonakinsu, a da a mangalar jaki, yanzu a mota, kuma abin da ke rage masa daraja a yau shi ne ledar da ke cakuɗe da shi. Gidan da ya raba leda da abin da ke ruɓewa ya samar da taki mai kyau, ya kuma rage nauyin da za a kai bola.

Ba sabon abu nake nema ba. Tun 1995 Koriya ta Kudu take cajin mutane gwargwadon sharar da suka fitar, ta hanyar wasu jakunkuna na musamman da ake saya, kayan da za a iya sake sarrafawa kuma a kwashe su kyauta idan an ware. A Legas ma, kamfanonin da ke aiki ƙarƙashin LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, suna duba irin gida da girmansa kafin su yanka kuɗi. Na san idan aka ɗora komai a kan yawan shara, wasu za su koma zubarwa a ɓoye don su rage kuɗi, don haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne a haɗa biyun: ɗan ƙaramin kuɗi na bai-ɗaya da kowace ƙofa za ta iya biya, wanda zai riƙe zuwan mota, sannan ƙari a kan kowane durom, tunda kamfanin ya riga ya san durom nawa yake juyewa a kowane gida. Masu abincin sayarwa da shaguna a ba su nasu farashin daban, wanda ya ware kayan jari-bola a yi masa ragi, gidajen marayu da gajiyayyu kuma, waɗanda mai unguwa da limami sun san su ɗaya bayan ɗaya, a tsayar da su a kan ƙaramin kuɗin kawai.

Ga unguwar da ke tunanin ɗaukar irin wannan kamfani, ra'ayina shi ne ta ɗauka, domin bambancin da ke tsakanin layin da ake kwashe wa shara a kan lokaci da wanda ake ƙona ta a ƙofar gida a bayyane yake, kuma ni kaina ina ci gaba da biya. Amma kada a fara aiki da yarjejeniyar baka kamar yadda aka yi a wurinmu. A rubuta ranakun zuwa har da na makon Sallah, a rubuta inda ake juye sharar kuma wakilan unguwa su je su gani da idonsu, a rubuta cewa ba za a ƙara kuɗi ba sai an ba da sanarwar wata guda tare da lissafi, kuma sau ɗaya kawai a shekara. Mai unguwa da wakilin kamfani su sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya a wurin kwamitin unguwa, a kuma daidaita batun durom tun kafin motar farko ta shigo layi, domin sauya farashi bayan mutane sun saba da shi ya fi tsara shi tun farko wuya.